Gyara Biyu: Na Palermo da Na Bakin Gulbin Rima

Daga 2019 zuwa 2021, kamfanin Windstar ya kai ƙananan jiragensa na shaƙatawa guda uku, Star Breeze da Star Legend da Star Pride, ma'aikatar Fincantieri da ke Palermo a Italiya. Aka tsaga kowanne gida biyu, aka saka sabon ɓangare mai tsawon mita 25 da ɗoriya a tsakiya, aka haɗe, aka sauya injuna. Jirgin da ke ɗaukar mutum 212 ya koma ɗaukar 312. Aikin ya ci dala miliyan 250. Irin jiragen nan ne ke yawo da masu hali tsakanin tsibirai kamar Tahiti da Bora Bora, ƙanƙantarsu na ba su damar shiga lungunan da manya ba sa iyawa.

Mu ma a Sakkwato muna da jirgi, muna kuma gyara shi. Na taɓa tsayawa kusa da Kwalkwalawa ina kallon wani dattijo ya kife kwale-kwalensa a kan rairayi. Yana bin tsagar katako da yatsa, ya cusa tsumma da bakin wuƙa, ya shafa kwalta da ya narkar a gwangwani, sannan ya buga ɓallin kwano da ƙananan ƙusoshi. Hannunsa ya san aikin. Yaronsa na gefe riƙe da tsohuwar roba, wadda da ita zai riƙa kwashe ruwa in an hau. Wannan robar ta tsaya mini a rai, domin ta nuna shi kansa maigidan ya san yoyon zai dawo.

Mai gaggawa zai ce bambancin kuɗi ne kawai. Ni ban yarda ba. Jirgin masu hali ana fitar da shi daga ruwa ne tun bai nuna alamar ciwo ba. Dokar kare rayuka a teku, wadda aka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar Titanic, ita ce tushen tilasta duba jirgin fasinja a kan lokaci, har da cikinsa da ke ƙarƙashin ruwa. Mutum ɗarin da aka ƙara a Palermo kuwa sai da aka ƙara musu jirgi tukuna. Namu ba ya ganin mai gyara sai ruwa ya kai idon sawu, ranar kasuwa kuma ana ƙara masa mutane da buhuna da babur, katakon nan dai shi ne na jiya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Mun sha kukan haka. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a ruwan Shagari, yawancinsu yara da matasa. A Agustan 2025 wani jirgin ya kife da fiye da mutum 50 a hanyar kasuwar Goronyo. Ba yawon buɗe ido suka fita ba. Neman abinci ne, ko itace, ko cefane.

Shi ya sa ba na son a ɗora wa mai fito laifi shi kaɗai. Kuɗin da yake karɓa bai kai ya sayi sabon katako ba, kuma in ya ce jirgi ya cika, wa zai bari a gaɓa, tsohuwa ko mai jego? Sakkwatawa ba su manta 2010 ba, da ambaliya ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kwale-kwalen nan da ake rainawa ya zama abin dogaro.

Abin da nake so mu aro daga Palermo ba shi da tsada. Kafin damina ta kankama, sarkin ruwa da jami'an NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, su kife kowane jirgi su duba, a rubuta adadin mutanensa da fenti a jikinsa, gwamnati ta taimaka da katako da rigunan kariya. Dattijon Kwalkwalawa ya riga ya iya gyaran. A ba shi kayan aiki a watan Mayu, tun gulbi bai kawo ba.