Wa Ke da Ikon Zana wa Gwamnati Taswira?

A shekarar 2006 wata ƙungiyar kamfanonin safiyo da ɗaukar hoton ƙasa daga sama, mai suna MAPPS, ta maka gwamnatin Amurka a kotun tarayya da ke Alexandria, jihar Virginia. Ba zargin cin hanci ta kai ba, ba kuma ta ce an ba wani ɗan lele aiki ta bayan fage ba. Kukanta shi ne hanyar da gwamnati ke bi wajen ba da kwangilar zana taswira ta saɓa wa doka. Manyan ƙungiyoyin injiniyoyi suka shiga ƙarar tare da ita. Masana labarin ƙasa da masu haɗa taswira a kwamfuta kuwa suka tashi haiƙan, suka ce in MAPPS ta yi nasara to an toshe musu hanyar abinci.

Tushen rigimar wata doka ce ta 1972 da ake kira Dokar Brooks, da sunan Jack Brooks, ɗan majalisar wakilai daga Texas. A al'ada, in gwamnati za ta sayi kaya ko ta ba da aiki, farashi na cikin abin da ake dubawa tun farko, sau da yawa ma mai araha ne ke samu. Dokar Brooks ta ware aikin injiniya da na mai zanen gini daga wannan tsari. Hukuma za ta yi shela, kamfanoni su kawo shaidar ƙwarewarsu da ayyukan da suka taɓa yi, a zaɓi aƙalla uku a jera su daga na ɗaya zuwa ƙasa. Sai bayan nan a zauna da na ɗaya a yi ciniki. In ba a daidaita ba a sallame shi, a kira na biyu. Hikimar a fili take. Araha ba ta ado, kuma wanda ya karya farashi wajen auna inda za a kafa gada ko madatsar ruwa, a wajen aikin zai rage wani abu, ɓarnar kuma ba za ta fito ba sai an riga an zuba siminti.

A 1988 majalisa ta yi wa dokar gyara, ta sa safiyo da zana taswira cikin ayyukan da ta ambata. Hukumar da ke rubuta ƙa'idojin sayayyar gwamnati ta fassara gyaran da cewa taswirar da ta shafi tsara gini, ko gina shi, ko sauya fasalin fili, ita ce ke ƙarƙashin Dokar Brooks. Sauran taswirori a ba da su kamar kowace kwangila. MAPPS ta ce wannan fassara ta ƙuntata dokar, a buɗe ta yadda za ta rufe aikin taswira gaba ɗaya.

A nan ne gizo ke saƙar. Ayyukan da Dokar Brooks ta fi shafa su ne waɗanda dokokin jihohi suka ce sai mai lasisi zai yi su ko ya sa musu hannu. Ke nan duk aikin da aka tura ƙarƙashinta ya koma hannun kamfanonin da ke da injiniya ko jami'in safiyo mai lasisi. To amma daga 1972 zuwa 2006 sana'ar taswira ta canja kama. Hotunan tauraron ɗan adam sun yawaita, kwamfuta ta shigo, fasahar nan ta GIS, wadda ke ɗora bayanai iri-iri a kan taswira, ta zama sana'ar mutane da yawa da ba su taɓa riƙe na'urar awon fili ba: masu nazarin yaɗuwar cuta, masu lura da dazuzzuka, ma'aikatan ƙidaya, masu rubuta manhaja. Shi ya sa Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Amurka, tare da wasu ƙungiyoyi, suka miƙa wa kotu takardar ba da shawara suna goyon bayan gwamnati.

A ganina kowane ɓangare na da gaskiya har zuwa wani wuri. Iyakar fili da tsayin ƙasa a inda za a yi gini sai mai lasisi, domin in ya yi kuskure akwai wanda za a kama, akwai lasisin da za a ƙwace. Amma taswirar da ta fi kowace suna a tarihin kiwon lafiya, wadda ta nuna yadda mace-macen kwalara suka taru kewaye da wani famfon ruwa a Landan a 1854, likita ne ya yi ta, John Snow. Da ƙa'idar da MAPPS ke nema ce ke aiki, irinsa sai ya raɓu da wani kamfanin safiyo kafin ya shiga takara. Kuma kada a manta, tsarin da ya cire farashi daga matakin zaɓe yana yi wa tsofaffin kamfanoni daɗi, tunda su ke da tarin ayyukan baya da za su nuna. Ruwa ba ya tsami banza.

A watan Yuni na 2007 Mai Shari'a T. S. Ellis ya kori ƙarar. Bai ce fassarar gwamnati daidai ce ba, bai ce kuskure ce ba. Hukuncinsa shi ne masu ƙara ba su nuna wata cutarwa takamaimai da ƙa'idar ta yi musu ba, don haka ba su da hurumin kawo maganar. Ainihin tambayar ta fita daga kotu yadda ta shiga, ɓangarorin suka koma neman kunnen 'yan majalisa.

Mu a nan Najeriya idan aka ce an yi rashin adalci a kwangila, hankalinmu kan tafi ranar buɗe takardun tanda: wa aka ba, nawa ya ce, ɗan wane ne. Shari'ar Virginia ta nuna akwai wani mataki kafin wannan, wato lokacin da ake rubuta sharuɗɗan wanda ya cancanci nema. Layi ɗaya a cikin talla yana iya fitar da rabin masu takara ba tare da an karya kowace doka ba. Tambayar ta iso gida tun da Abuja ta kafa AGIS, Kaduna ta kafa KADGIS, wasu jihohi suka bi sahu suna mai da bayanan filaye cikin kwamfuta. Muna da dokar sayayyar gwamnati ta 2007 da hukumar BPP mai sa ido a kanta, muna da SURCON mai yi wa jami'an safiyo rajista. Kuma taswirorin ƙauyuka da unguwanni da masu rigakafin shan inna suka yi amfani da su a Kano da maƙwabtanta, daga hotunan tauraron ɗan adam aka haɗa su, ba don a tsaida iyakar gonar kowa ba, sai don kada a tsallake wata ruga.