Ko ka sani? Zufa da tsando ne suka hana doki zama ɗan Abidjan

A Kano, Katsina, Zariya ko Maradi ba baƙon abu ba ne ka ga ayarin mahaya sun fita kilisa bayan la'asar, sun bi bayan gari suna tafe suna raha, dawakai na tauna linzami. Bahaushen Adjamé Saint-Michel ko Treichville a Abidjan kuwa sai ya shekara bai ji ƙarar kofato ba, in ba a bidiyon hawan sallah da 'yan'uwa suka turo masa a waya ba. Wasu na cewa rashin sarauta irin ta gida ne, wasu kuma cunkoson birni. Kowannensu na da ɗan kaso, amma tushen maganar a jikin dokin yake. Dabba ce mai son busasshiyar iska. Shi ya sa ƙarshen hunturu, wajen watan Fabrairu, ya fi kowane lokaci dacewa da doguwar tafiya a kansa, shi ya sa kuma tun zamanin kaka da kakanni yake cin birki a bakin kurmi.

Mu fara da zufa. Idan tsoka na aiki, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da take ƙonawa zafi yake zama, kuma dole zafin nan ya fita ko dabba ta faɗi. Kare haki yake yi, ya zaro harshe. Doki, kamar ɗan Adam, da zufa yake dogara, sai dai lissafin bai yi masa daɗi ba. Babban doki mai kilo 500 faɗin fatarsa bai wuce murabba'in mita 5 ba, alhali mutum mai kilo 70 yana da kusan mita 2. Ke nan kowane kilo na jikin doki bai samu ko rabin fatar da kilon mutum ya samu ba don fitar da zafi. Da yawan zufa yake cike giɓin: a aiki mai tsanani yakan zubar da lita 10 zuwa 15 cikin awa guda. Farin kumfan nan da ake gani a wuyansa, da ƙarƙashin sirdi, da tsakanin cinyoyinsa, wani sinadari ne a cikin zufar da ke sa ta ratsa gashi ta bazu don iska ta same ta. To amma zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe. Duk wanda ya sha ruwan randa da hunturu ya san haka, domin naso ne ke fita ta jikin randar, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi ƙarara. A Kano, cikin Janairu da Fabrairu, laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. A Abidjan, bakin teku da tafkin Ébrié, tana yawo wajen kashi 80 kusan duk shekara. A irin wannan iska zufar doki ɗiga kawai take yi a ƙasa, ruwa ya tafi, gishiri ya tafi, zafi na nan daram. Ba a Afirka kaɗai aka san wannan matsala ba. Kafin gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta ta Amurka, garin zafi da laima, sai da likitocin dabbobi suka yi dogon nazari, aka rage nisan tseren ƙetare daji, aka tanadi fankoki masu fesa ruwa da ruwan ƙanƙara. Zufar doki kuma ta fi jininsa gishiri, saboda haka masu barga da ke jiƙa masa kanwa da dusa sun daɗe da gano abin da ake biya wa likita kuɗi ya faɗa.

Mai musu zai ce ai hunturu lokacin ƙura ne, ina amfanin busasshiyar iska in ta zo da hazo? Yana da gaskiya, kuma a wajen doki abin ya fi muni, don ba ya iya numfashi ta baki, hanci kaɗai gare shi, kuma in yana sukuwa kowane tsalle guda numfashi guda ne. Na bayan ayari su ke shaƙar ƙurar na gaba, sai ka ji su suna tari da fyace hanci. Wannan ne dalilin da ya sa ƙarshen hunturu ya fi tsakiyarsa: hazo ya fara sauƙi, iska na nan a bushe, zafin bazara mai haura digiri 40 a Afrilu bai iso ba. An kwashe amfanin gona, fili ya buɗe, ba mai cewa an tattake masa shuka. Harawa da gero da dawa na nan a rumbu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga dabbar da tumbinta ƙarami ne, ba ta kuma iya amai, dole ta ci kaɗan-kaɗan a kai a kai. Tafiyar ayari ita ma ta dace da halinsa, tunda dabbar garke ce, ganin 'yan'uwansa na kwantar masa da hankali. Sai dai mu Hausawa ingarma muke hawa, goɗiya a bar ta gida, ingarmu kuwa ba su cika jituwa ba. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan ko'ina sai daidai bayan wutsiyarsa, kuma duk abin da ya matso ta nan da hauri yake tarbarsa. Mahayin da ke manne wa na gabansa neman karaya yake yi. Hawan sallah, wanda UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, ba ya zaɓen yanayi, watan Musulunci yake bi, yana ja baya da kwana 11 duk shekara. Ƙaramar sallar 2025 ta zo a ƙarshen Maris, ke nan cikin 'yan shekarun nan za ta faɗo Fabrairu, dawakin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa su ɗan sarara.

Da zufa ce kaɗai, da an lallaɓa. Abin da ya yanke hukunci ƙuda ne, tsando, mai sa wa dabbobi sammore, mutane kuma ciwon barci. A 1895 ne David Bruce, likitan sojan Birtaniya, ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa cizonsa ke shigar da ƙwayar cutar cikin jini. Tsando ba ya zuba ƙwai barkatai. Macen tana rainon tsutsa ɗaya a cikinta, ta haife ta duk bayan kwana tara ko goma a ƙasa mai inuwa da danshi, don haka kurmi da bakin rafi ne gidansa. Shanun kudu irin Ndama na jure cutar, doki ba ya jurewa: zazzaɓi, kumburin ƙafa da mara, rama, sai mutuwa. Tarihin yankin nan cike yake da sawun ƙudan. Daular Oyo ta yi ƙarfi da dawakai, amma kullum sai ta sayo sababbi daga arewa don ba sa ɗorewa. Mahayan Ilorin da suka matsa kudu sun sha kashi a Osogbo wajen 1840. Fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Salaga da Bondoukou jakuna suke korawa, da rani suke tafiya lokacin da tsando ya koma bakin ruwa, kuma a kasuwannin bakin kurmi suke tsayawa, goro ya fito musu a kan 'yan dako. Mayaƙi Samori Ture, wanda ya koma arewacin Kodebuwa kafin Faransawa su kama shi a 1898, bai daina neman dawakin arewa ba. Bafaranshe Binger, wanda aka sa wa Bingerville sunansa, a kan takarkari, ba doki ba, ya shiga Kong a Fabrairun 1888.

Saura musu guda, kuma shi ya fi ƙarfi. Ai akwai dawakai a Abidjan, a kulob-kulob na masu hali, ana kuma hayar su a bakin teku a Grand-Bassam. Haka ne. Amma a duba abin da ya canza. Siminti da kwalta sun cinye inuwar da tsando ke haihuwa a cikinta, akwai allurar sammore irin su Berenil da Samorin, akwai mota mai kawo doki da abincinsa daga arewa. Iskar teku kuma tana taimaka wa dokin Bassam, aikinsa bai wuce 'yan mintoci da ɗan yawon buɗe ido a bayansa ba. Wannan daban, a ce ayari ya wuni a hanya ko a yi kiwon dawakai su hayayyafa daban. A ganina samuwarsu hujja ce ga maganar: ana riƙe su ne da kuɗi da magani, a inda ɗan ƙauyen Katsina ke riƙe nasa da turke da harawa. Tsandon ma bai bar garin ba. Masu bincike sun kama shi a dajin Banco, kurmin da aka killace a tsakiyar Abidjan, wanda daga Adjamé tafiyar 'yan mintoci ce a motar haya ta gbaka.