Lissafin Taya: Abin Da Kowane Kilomita Ke Ci, Daga Motar Tsere Zuwa Tasin Suleja

SULEJA, Jihar Neja. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 1999 zuwa yau, babu wata sanarwar gwamnati da ta taɓa aljihun masu motoci kamar ta ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur. Daga wannan rana hirar direbobi a tasha ba ta wuce farashin lita. Amma akwai wani kashe kuɗi da ke biye da na mai, wanda ba a cika sa shi cikin lissafin yau da kullum ba saboda sai an jima ake biyansa, watau kuɗin taya.

Batun ya shafi Suleja ƙwarai. Garin shi ne ya bayar da sunansa na asali, Abuja, ga sabon Babban Birnin Tarayya da aka ƙirƙiro a 1976, sa'an nan ya ɗauki sunan Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta tare a Abuja cikin watan Disamba na 1991, tsadar hayar gida ta sa dubban ma'aikata da 'yan kasuwa suna kwana a Suleja da Madalla, su yi sammako zuwa birnin, tafiyar da ba ta gaza kilomita 45 zuwa 50 ba. A kan wannan hanya da ta bi ta gindin Dutsen Zuma, tasi ƙirar Golf da Corolla da bas-bas ƙirar Hiace suna gogayya da tankokin da ke ɗaukar mai a daffon Maje, da kuma motocin tsere na ƙawa irin su Mustang da Camaro da Porsche, waɗanda masu hali na Abuja ke fitowa da su a ƙarshen mako. Ƙa'idar lissafin taya ɗaya ce ga dukansu, sai dai a motar tsere ta fi fitowa fili.

Abin da ya sa tayar motar tsere ba ta daɗewa

Maƙerin taya yana zaɓi ne tsakanin abubuwa biyu da ba su cika haɗuwa ba, watau riƙe titi da kuma daɗewa. Roba mai laushi tana kama kwalta sosai, ta ba mota damar shan kwana da gudu da tsayawa nan take idan an taka birki, amma tana saurin cinyewa. Roba mai tauri kuwa tana daɗewa, riƙonta bai kai na waccan ba. Ƙarshen misali shi ne gasar tseren motoci ta Formula 1, wadda kamfanin Pirelli na Italiya ke samar wa tayoyi tun 2011, inda ake canza taya a tsakiyar tseren da bai wuce kimanin kilomita 305 ba.

Garantin da kamfanoni ke bayarwa ma ya nuna wannan bambanci. A kasuwar Amurka, kamfanin Michelin na Faransa yana ba tayarsa ta motocin iyali mai suna Defender garantin mil 80,000, watau kimanin kilomita 128,000, alhali tayarsa ta motocin tsere mai suna Pilot Sport 4S mil 30,000 kawai ya ba ta, kimanin kilomita 48,000. Idan kuma motar tana da tayoyin baya da suka fi na gaba faɗi, garantin na baya yana komawa rabi.

Dalilin rage garantin kuwa a fili yake. Yawancin motocin tsere da ƙafafun baya suke ja, don haka duk ƙarfin injin a kan tayoyin baya yake sauka. Mai Corolla yana iya musanya tayoyinsa, na gaba su koma baya, don su cinye tare. Mai motar da girman tayoyinta ya bambanta ba shi da wannan dama. Har ila yau, wasu kamfanonin motoci suna da tayoyin da suka amince da su kaɗai: Porsche yana sa harafin N a jikin nasa, BMW alamar tauraro, Mercedes kuma haruffan MO. Wannan yana rage zaɓin mai saye, kuma inda zaɓi ya yi ƙaranci farashi yakan hau.

Akwai kuma matsalar da ta fi damun mai irin wannan mota a Nijeriya, watau siririn gefen taya. Lambobin da ke jikin taya suna faɗin girmanta. Tayar Corolla mai lamba 195/65 R15 faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin 100 na faɗin, watau kimanin milimita 127. Tayar motar tsere mai lamba 245/40 R18 tsayin gefenta milimita 98 ne kawai. Idan ta faɗa rami da gudu, ƙarfen wili yakan datse gefen, taya ta yi ƙari, wani lokaci ma wilin ya lanƙwashe. Tayar da ta yi ƙari a gefe ba ta facuwa, ko da jiya aka saye ta. A hanya irin ta Suleja zuwa Minna, wadda aka ba da kwangilar faɗaɗa ta tun 2010 amma ta share fiye da shekara goma aikin bai kammala ba, rami ɗaya ya isa ya kawo ƙarshen taya kafin zanenta ya ko fara suɗewa.

Yadda ake lissafin

Masana tattalin arziki suna auna tsadar kayan da ke daɗewa ta hanyar raba kuɗinsu da yawan aikin da suka yi. A wajen taya, ana raba farashi da kilomitocin da ta ci kafin a cire ta. Da yake farashi yana sauyawa tare da dala, alƙaluman da ke biye na misali ne kawai, kowane mai mota sai ya sa nasa.

A ɗauka sabuwar tayar Corolla naira 60,000 ce, kuma ta yi kilomita 40,000. Kowane kilomita ya ci naira ɗaya da sule biyar ke nan, ƙafa huɗu kuma naira 6. A ɗauka kuma tayar motar tsere naira 300,000 ce, ta gaba ta yi kilomita 30,000, ta baya 15,000. Na gaba biyu sun ci naira 20 a kilomita, na baya biyu naira 40, jimla naira 60. Farashin ya ninka biyar, amma tsadar tafiya ta ninka goma. Zuwa da dawowa tsakanin Suleja da Abuja, kimanin kilomita 100, mai Corolla ya ƙona tayar naira 600, mai motar tsere ta naira 6,000, ba tare da ɗayansu ya ga kuɗin sun fita daga aljihunsa a ranar ba.

Wannan lissafi shi ne ke tona asirin tsohuwar taya, wadda aka fi sani da 'yar Beljiyam ko tokumbo. A ɗauka ana sayar da ita naira 25,000, ta yi kilomita 10,000. Kowane kilomita ya ci naira biyu da sule biyar, ƙafa huɗu naira 10. Direban da ke sawu biyu a rana, kwana shida a mako, yana cin kimanin kilomita 60,000 a shekara. Da sababbin tayoyi zai kashe naira 360,000, da tsofaffi kuwa 600,000, ban da kuɗin mai faci da ranakun da motar ta kwana a bakin hanya. Dā ma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Inda masana'antun suka tafi

Tsadar taya a Nijeriya tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da darajar naira, domin daga waje ake shigo da akasarin tayoyin motoci. Ba haka abin yake ba a dā. Kamfanin Dunlop ya kafa masana'anta a Ikeja, Michelin kuma a Fatakwal, a farkon shekarun 1960, suna amfani da robar da ake tatsa a yankunan da a yau suke jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Michelin ya rufe tasa a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a 2008. Manyan dalilan da aka bayar su ne rashin wutar lantarki, da kuma rage harajin shigo da tayoyin manyan motoci daga kashi 40 zuwa kashi 10 cikin 100, abin da ya buɗe kasuwa ga tayoyin ƙasashen Asiya masu rahusa. Ƙasar ta koma fitar da ɗanyar roba tana sayo ƙerarriyar taya.

Sakamakon haka ya bayyana sosai bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a kasuwa cikin watan Yuni na 2023. Dalar da ake sayarwa wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a 2024. Duk tayar da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas ta zo da wannan nauyi, kuma kafin ta iso Suleja an ɗora mata kuɗin dakon tirela mai shan gas.

Abin da ke tura direba wajen tsohuwar taya

Idan lissafi ya nuna tsohuwar taya ta fi tsada, me ya sa kasuwarta ke ci, alhali ma tana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su? Dalili na farko shi ne rashin kuɗi a dunƙule. Direban da tayarsa ta fashe ranar Talata yana da naira 25,000 a hannu, ba shi da 60,000, kuma in bai fita gobe ba gidansa ba a ɗora tukunya ba. Rancen banki ma ba mafita ba ne, ganin cewa a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa.

Dalili na biyu shi ne tsarin balas. Inda mai mota daban, direba daban, kowa yakan tura wa ɗan'uwansa nauyin. Mai mota da ba shi ne zai hau titi ba yana neman mai araha, direban da ba shi ne zai sayi taya ba kuma ba ya damuwa da awon iska ko lodin da ya wuce kima.

Dalili na uku shi ne wanda masanin tattalin arzikin Amurka George Akerlof ya bayyana a 1970 game da kasuwar tsofaffin motoci, aikin da ya sa ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001. Inda mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da marar kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, da haka marar kyau ke mamaye kasuwa. Hukumar Tabbatar da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ta sha kama sababbin tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don rage kuɗin dako da haraji, abin da ke karya wayoyin ƙarfen da ke cikinsu tun kafin su taɓa titi. Akwai kuma masu sassaƙa wa suɗaɗɗiyar taya sabon zane. Direban da ya taɓa sayen sabuwa ta ba shi kunya yakan ce gara tsohuwar Turai.

Shekaru da rayuka

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, domin zafi da iska suna busar da roba har ta tsattsage. Wannan ya fi shafar motar tsere, wadda ke shafe makonni a ajiye, zanenta kamar sabo alhali robar ta mutu. Ana gane shekarun taya daga lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefenta. Alal misali, 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta yi shekara biyar, a cire ta idan ta kai goma. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fi tsanantawa, shekara huɗu take faɗa wa direbobi. Game da zane kuwa, sabuwar taya tana zuwa da zurfin kimanin milimita 8, dokar ƙasashen Turai kuma ta haramta hawa wadda ta gaza milimita 1.6. To, da yawan tayoyin da ake kira 'yan Beljiyam waɗanda aka cire ne a can saboda sun kusa wannan iyaka.

Asarar da ba ta shiga lissafin naira ita ce ta rai. Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, Mista James Ocholi, da matarsa da ɗansa sun rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, hanyar da ta ratsa ta gefen Suleja. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ya nuna tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, direba ya danna birki, motar ta wuntsila. Bayan wannan haɗari ne hukumar ta tsananta binciken tayoyi a manyan hanyoyi.

Abin da ke hannun mai mota

Hanya mafi araha ta tsawaita ran taya ita ce awon iska, kuma da safe ake yinsa kafin taya ta yi zafi, bisa adadin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba. Tayar da iskarta ta gaza tana cinyewa ta gefe biyu, tana ɗaukar zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu, kuma tana ƙara shan mai. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daidaita iska yana iya rage shan mai har da kashi 3 cikin 100. Wadda aka cika wa iska fiye da kima kuwa, kamar yadda wasu direbobin haya ke yi don ɗaukar lodi, ta tsakiya take suɗewa. Daga nan sai daidaita ƙafafun mota bayan faɗawa babban rami, da gyaran shokazoba, da musanya tayoyi inda girmansu ɗaya ne.

Sauran aikin na ƙungiyoyi ne da gwamnati. Rassan ƙungiyar direbobi ta ƙasa da ke tashoshin Suleja suna iya amfani da adashin da 'ya'yansu suka saba yi wajen sayo tayoyi a sari daga dillalan da aka sani, direba ya riƙa biya kaɗan-kaɗan daga cinikin kullum. Haramcin shigo da tsofaffin tayoyi kuwa zai ci gaba da shan wuya a kan iyakokin ƙasa muddin sabuwar taya ta fi ƙarfin aljihun direba, kuma farashinta ba zai rabu da dala ba sai ranar da robar Edo da Delta ta koma shiga masana'antar cikin gida.