Ƙanƙara Ta Narke, Hoto Ya Saura

Daga wani Jami'in Ilmi

Wata rana cikin watan Satumba na shiga ajin masu koyon aikin malanta, na yi musu wata tambaya wadda na zaci ba za ta ci mana minti ɗaya ba. Na ce, "Wane irin launi gare shi furen auduga?" Kusan dukansu 'ya'yan manoma ne daga ƙasar Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur, inda auduga ta yi gida tun zamanin kakanni. Waɗansu suka ce fari ne mai ɗan rawaya, waɗansu suka ce ja ne, gardama ta kaure har aka buga ƙararrawa. Ga shi kuwa kowa da gaskiyarsa. Furen auduga yakan buɗe da safe fari-fari, in ya kwana ya rikiɗe ya yi ja, cikin kwana uku ya yanƙwane ya faɗi, ya bar ɗan ƙwallon da zai zama auduga. Kowannensu ya sha ganin furen, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya dube shi kwana biyu a jere.

Wannan shi ya sa nake so in ba malamai labarin wata sana'a ta ƙasashen sanyi, wadda a ganina tana da maganin wannan cuta tamu ta gani ba dubawa. Sana'ar kuwa ita ce shirya ado da ganye da fure da tsaba a cikin ƙanƙara, a ɗauki hotonsa, sa'an nan a bar shi ya narke.

Wanda ya fi suna wajen irin wannan aiki wani Bature ne, Andy Goldsworthy, wanda aka haifa a Ingila cikin 1956, ya yi zamansa a Sikotlan. Yakan fita da asuba cikin tsananin sanyi, ya kakkarya tsinkayen ƙanƙara, ya liƙa su da juna da ɗan ruwa, ya yi siffa kamar tauraro ko maciji. In rana ta fito ta haskake abin, sai ya ɗauki hoto, jim kaɗan kuma zafin ranar ya rushe shi. Cikin 2000 ya yi wani abin da ya fi wannan ban mamaki. Ya dunƙula manyan curi 13 na dusar ƙanƙara da hunturu, kowanne ya kai nauyin wajen tan guda, ya cusa musu ulun tumaki da gashin hankaka da sha'ir da tsakuwa, aka ajiye su a ɗakin sanyi. Ran 21 ga Yuni, watau tsakiyar lokacin zafinsu, mutanen Landan suka wayi gari suka tarar da su a bakin tituna. Suna narkewa, kayan ƙauye na ɓullowa a gaban mutanen birni. Har wa yau a Japan, cikin 2015, wani gwanin shirya furanni mai suna Azuma Makoto ya nuna furanni daskare cikin manyan tubalan ƙanƙara, jama'a na kallo suna ɗiga.

To, mai karatu zai ce, ina ruwan biri da gada? Wannan ai wasan masu sanyi ne. Amma in mun duba, adon da ba ya daɗewa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Amarya takan sha zaman ƙunshi, ta san kuwa lallen zai goge cikin 'yan makonni. Yaro yakan ɓata yini yana ƙera motar kara bayan girbin dawa, kafin kwana bakwai ta karairaye. Maginan Zariya sun yi ta zana fuskar soraye da dagi da sauran zane, damina tana lasa kaɗan kaɗan. Da yawa daga cikin gidajen nan yau babu su, sai hotunan da irin su Anthony Kirk-Greene suka tattara, wanda ya buga ɗan littafi a kansu cikin 1963. Ashe hoto shi ne shaidar aikin da ruwa ya cinye. Ita kuwa ƙanƙara, dā sai wadda ta faɗo da ruwan farko yara su tsinta, amma yanzu ana sayar da ita a kasuwannin Funtuwa da Malumfashi, balle cikin azumi. Ga shi kuma aikin babu sassaƙa surar mai rai, ganye ne da fure kurum.

Da ɗalibaina suka ji wannan, sai muka ce gani ya kori ji. Muka tsinko furen auduga fari da ja, muka zuba cikin kwanon ruwa, muka roƙi wani mai sayar da ƙanƙara ya sa mana a injinsa. Washegari muka kwaso abin kunya. Furannin duk sun taso sama sun taru wuri guda, ƙanƙarar kuwa ta yi fari fat kamar nono, ba a ganin kome a ciki. Daga kuskuren nan muka koyi hanya, ga ta kuwa.

Da fari a tafasa ruwan, a bar shi ya huce a rufe. Iskar da ke cikin ruwa ita ke sa ƙanƙara ta yi hazo, tafasa kuwa tana korar mafi yawanta. Sa'an nan kada a cika kwano gaba ɗaya. A zuba ruwa kamar kaurin yatsa, a bari ya daskare, a jera kayan a kai, a ƙara ruwa kaɗan don ya kama su, in ya daskare a sake ƙarawa har ya rufe su. A bar fili a bakin kwano, gama ruwa yana kumbura in ya daskare: mudu 10 na ruwa yakan zama wajen mudu 11 na ƙanƙara. Kayan aiki kuwa ga su nan ko'ina a gona: jan soɓorodo, gashin masara, ganyen zogale, reshen zangarniyar dawa, gashin zabo, da farar auduga in kaka ta yi. Sai dai a hana yara taɓa tumfafiya, ruwanta yana cutar ido. In za a kawo aikin makaranta, a naɗe shi cikin buhu.

Wajen hoto, wayar hannu ta malami ta isa. A fita da sassafe, musamman da hunturu, a kife turmi a shimfiɗa baƙin ƙyalle, a ɗora ƙanƙarar. A shafe fuskarta da jiƙaƙƙen hannu don ta yi garau. Rana ta kasance a bayanta ko a gefenta, don haske ya ratsa ta, jijiyoyin ganye su fito. Mai ɗauka ya durƙusa daidai da ita, kada ya sauya wuri, ya riƙa ɗauka kowane minti 10 har ta ƙare.

Ranar da muka yi namu na biyu, furen jiya da na yau suna kwance kusa da juna cikin ƙanƙara, fari da ja, gardama ta mutu ba tare da na ce uffan ba. Da ta narke furannin suka yi laushi suka yi baƙi-baƙi, wani ɗalibi ya tambayi dalili. Nan muka shiga bayanin yadda ƙanƙara ke huda 'yan ƙananan ɗakunan da ke jikin tsiro. Watau darasi guda ya haɗa aikin hannu da ilmin halitta da lissafi, kuɗinsa kuwa bai wuce ladan mai inji ba.

Sau da yawa in na kewaya makarantu nakan tarar an mai da lokacin aikin hannu lokacin share fili, malami ya ce babu fenti, babu takarda. Ina roƙon shugabannin makarantu su jarraba wannan ko sau ɗaya a zango. A wanke hoto uku, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a liƙa a bangon aji, a rubuta kwanan wata da sunayen tsire-tsiren da Hausa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi tsayawa ya dubi fure, shi ne manomin da gobe zai ga tsutsa a gonar audugarsa tun ba ta yi ɓarna ba. Allah ya sa mu dace, amin.