Lantarkin da Ke Kashe Ƙwayoyin Cuta a Lemo Ba Tare da Dafawa Ba

A shekarar 1996, ruwan tuffa na kamfanin Odwalla ya kwantar da mutum fiye da 60 a yammacin Amurka da Kanada, wata yarinya 'yar wata 16 kuma ta rasu. Da aka bincika, sai aka gano ƙwayar cutar E. coli ce a cikin ruwan, domin ɗanyensa ake ɗurawa a kwalba, ba a ɗora shi a wuta. A 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta kafa doka: duk masana'antar matse 'ya'yan itatuwa sai ta bi hanyar da za ta rage ƙwayoyin cuta har ya zama cikin kowace 100,000 ɗaya tak ke tsira.

Hanyar da aka saba ita ce zafi, wadda ta samo suna daga Louis Pasteur na Faransa. Madara, alal misali, ana kai ta maki 72 na zafi ta yi daƙiƙa 15, sannan a sanyaya ta. Zafi na aiki, sai dai yana da ɓarna. Duk wanda ya sha lemon da aka matse a gabansa, ya kuma sha na kwali, harshensa ya san bambanci: ƙamshin ya gudu, launi ya ɗan dushe, wani kaso na bitamin C ya tafi.

Wannan ne ya sa masana suka koma kan wata dabara da ake kira PEF a taƙaice, wato bugun lantarki mai ƙarfi na ɗan ƙanƙanen lokaci. Ana tura ruwan ta wani siririn bututu, ya ratsa tsakanin ƙarafa biyu da ke kusa da juna. Yana wucewa ana sakar masa wuta mai ƙarfin bolt 20,000 zuwa 40,000 a kowace santimita, alhali wutar gida bolt 230 ce. Amma kowane bugu bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin miliyan na daƙiƙa ba. Kafin ƙiftawar ido ruwan ya sha bugu da dama ya fita, da ɗumi-ɗuminsa kawai, bai kusa tafasa ba.

To me ke kashe ƙwayoyin? Kowace ƙwayar cuta tana da wata fata siririya da ta kewaye ta, wadda ke tsare abin da ke cikinta, tana kuma tantance abin da zai shiga. Idan lantarki ya bugo, caji na taruwa a ciki da wajen fatar. Da zarar bambancin ya kai kimanin bolt 1, sai fatar ta huje. In bugun mai rauni ne, hujin kan toshe, ƙwayar ta farfaɗo. In mai ƙarfi ne, sai ta zama kamar salkar da ƙaya ta yi wa kaca-kaca: abin ciki ya tsiyaye, ta mutu. Sinadaran ƙamshi da launi da bitamin kuwa ba su da irin wannan fatar, shi ya sa akasarinsu ke fita lafiya lau.

Dabarar ba ta jiya ba ce. Wani injiniyan Jamus, Heinz Doevenspeck, ya yi mata rajistar mallaka a wajajen 1960. A 1967 masana biyu na kamfanin Unilever a Ingila, Sale da Hamilton, suka tabbatar da cewa lantarkin ne da kansa ke kisan, ba zafin da yake haifarwa ba. Sai dai kafin a ƙera na'urar da za ta yini tana wannan bugu ba ta lalace ba, an ɗauki shekaru. Sai a tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Genesis na jihar Oregon ya fara sayar da irin wannan lemo a Amurka. Daga baya kamfanin Hoogesteger na ƙasar Holan ya bi sahu, lemonsa da a da ke yin kamar mako guda a firiji ya koma yin mako uku.

Ba kowace ƙwaya ce ke faɗuwa da sauƙi ba. Yis, da yake ƙwayarsa babba ce, shi ke fara mutuwa. Listeria mai kaurin bango ta fi E. coli taurin kai. Akwai kuma ƙwayoyin da idan rayuwa ta yi tsanani sukan dunƙule cikin ƙwanso mai tauri su yi likimo, kuma waɗannan lantarki ba ya yi musu komai. Dalili ke nan da ya sa dabarar ta fi dacewa da abin sha mai tsami, inda tsamin ke hana su tsiro, kuma dole kwalbar ta zauna a firiji tun daga masana'anta har hannun mai saye.

Shi ma ruwan yana da sharuɗɗa. Kumfar iska guda a cikin bututu na iya jawo tartsatsi, don haka sai an fitar da iskar tukuna. Abin da gishiri ya yi wa yawa yana jan wuta fiye da kima ya yi zafi, mai gudaji kuma ba ya shan bugun daidai wa daida. Ga tsadar na'ura, ga buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa.

A yau ma dankalin Turawa ya fi lemo cin moriyar fasahar. Masana'antun soya dankali na ratsa shi da bugu mai sauƙi a cikin ruwa, da na'urori irin na kamfanin Elea da ke garin Quakenbrück a Jamus. Dankalin sai ya yi laushi, ya yanku sumul ba karyewa, ya kuma rage shan mai.

Akwai wani gwaji da zai ja hankalin masu kunun aya. A yankin Balensiya na ƙasar Sifen ana shan wani farin abin sha mai suna horchata, wanda da aya ake yinsa, har ma sukan sayo aya daga Nijar da maƙwabtanta. Matsalarsu irin ta mai kunun aya ce a Kano ko Maraɗi: yana saurin lalacewa, in kuma aka dafa shi sosai, sitacin ayar ya yi kauri ya ɓata shi. Tun farkon shekarun 2000 masanan Sifen suka gwada masa bugun lantarki, suka ga ƙwayoyin cuta sun ragu, kodayake shi ma sai an ci gaba da ajiye shi cikin sanyi.