Ciyawar ado a ƙasar fari

Yara, a nan wurinmu in haki ya fito a tsakar gida, nome shi muke yi, mu share wurin fes. Amma akwai ƙasar da ba haka abin yake ba. A Amirka mutane da yawa da gangan suke shuka ciyawa a ƙofar gida. Suna ba ta ruwa, suna sa mata taki, in ta yi tsawo su aske ta da inji. Akuya ba ta cinta, saniya ba ta cinta. Ado ce kawai. Da faransanci ana ce mata gazon. Mu sai mu kira ta ciyawar ado.

Wannan al'ada daga Turai ta fito, musamman Ingila. Can ana yin ruwa kowane wata, rana kuma ba ta da zafi, shi ya sa ciyawa ke zama kore ba da wahala ba. Da farko masu dukiya kaɗai ke da ita, don sai an ɗauki ma'aikata masu yanka ta da lauje. A shekarar 1830 wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin askin ciyawa. Sannu a hankali kowa ya so tasa. Al'adar ta ƙetare teku, ta bazu a Amirka, har ta kai yammacin ƙasar, inda ruwa ya yi ƙaranci.

Mu ɗauki birnin Las Begas, a jihar Nebada. Cikin hamada yake. Ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce milimetir 100 da kaɗan ba, kusan kamar na Agadas. Maraɗi ta ninka shi sau huɗu ko biyar. Duk da haka mutum fiye da miliyan 2 ke zaune a birnin da kewayensa. Kashi 90 cikin 100 na ruwan da suke sha daga kogin Kolorado yake zuwa. An tare kogin da babbar madatsa, wato baraji, wadda aka gama a 1936. Ruwan da ya taru bayanta shi ake kira tafkin Mid.

Ruwan wanka da na wanki a Las Begas ba ya ɓacewa. Ana tace shi a maida shi tafki. Amma wanda aka zuba wa ciyawa, rana da iska sun shanye shi, ba ya dawowa.

Yanzu ku ɗauko allunanku mu yi lissafi. Masu kula da ruwan birnin sun auna, sun ga fili mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1 na ciyawar ado yana shan wajen litir 3000 a shekara. To, a ce fili ne mai metir 10 tsawo, metir 10 faɗi. Zai sha litir 300.000. In kun raba da bido mai cin litir 25, za ku sami bido 12.000, wato kusan bido 33 kowace rana ta Allah. Wanda ya taɓa ɗaukowa uwarsa bido biyu daga famfo da safe ya san abin da bido 33 ke nufi.

Tun shekarar 2000 fari ya kama yammacin Amirka. Tafkin Mid ya yi ta janyewa. A watan Yuli na 2022 abin da ya rage a ciki kashi 27 cikin 100 ne kawai. Har jiragen ruwan da suka nutse tun da daɗewa suka fito fili.

Za ku ce: to, me ya hana su daina ba ciyawa ruwa? Doka ce ta hana. A garuruwa da yawa ma'aikatar magajin gari tana da dokar da ta ce kada a bar ƙofar gida ta bushe. Akwai kuma unguwanni masu ƙungiyar masu gidaje. Duk wanda ya sayi gida a irin wannan unguwa ya yarda da sharuɗɗanta ke nan: launin fenti, tsawon shinge, har da ciyawa. In ya saɓa, a ci shi tara. Kada mu ce ba su da hujja ko kaɗan. Suna tsoron kada unguwa ta yi kama da kufai, kuɗin gidajensu ya faɗi. Suna kuma gudun ƙura, mu ma mun san halinta lokacin hunturu.

Ga abin da ya faru a jihar Kalifoniya a watan Yuli na 2014. Hukumar ruwa ta jiha ta ce wanda ya yi ɓarnar ruwa ana iya cin shi tarar dala 500. Dalar Amirka ke nan fa, ba dalarmu ta sefa ba. A lokacin kuɗin sun kai wajen jikka 240. A garin Gilandora wani mutum da matarsa sun rage ba ciyawarsu ruwa, ta bushe ta yi ja. Sai ga takarda daga hukumar garin: an ba su kwana 60 su maida ta kore, in ba haka ba tara, wadda ita ma tana iya kai dala 500. Su ba ta ruwa, laifi. Su hana ta, laifi. Labarin ya bazu a jaridu, mutane suka yi ta dariya, amma dariyar takaici.

Dole aka gyara. A 2014 jihar ta hana ƙungiyoyin unguwa cin tarar wanda ciyawarsa ta bushe lokacin fari. A 2015 ta hana hukumomin gari su ma.

Nebada ta fi nisa. Tun 1999 hukumar ruwa ta fara biyan mutane kuɗi in sun cire ciyawa. Daga 2003 aka hana shuka ta a ƙofar sababbin gidaje. A 2021 aka yi dokar da ta sa ƙarshen 2026 ya zama wa'adi ga ciyawar da ba mai taka ta, kamar ta gefen titi da ta gaban ofisoshi: bayan nan ba za a ƙara ba ta ruwan kogin Kolorado ba. Filin wasan yara da na ƙwallo ba su cikin dokar. A ganina wannan rabon ya yi daidai, don ciyawar da yara ke gudu a kai tana da aiki. Daga 2002 zuwa 2022 mutanen yankin sun ƙaru da fiye da 700.000, amma ruwan da suke ɗiba a kogin raguwa ya yi.

In an cire ciyawa, me ake sawa? Tsirran da suka saba da ƙishirwa: masu ƙananan ganye, masu ƙaya, masu ajiye ruwa a jiki, masu doguwar saiwa. In kuna so ku gane irinsu, ku tuna da aduwa da magarya da tumfafiya. Ana rufe ƙasa da tsakuwa ko ɓawon itace don kada laima ta gudu. Ana ja siririn tiyo mai ƙananan huji zuwa gindin kowace shuka, ruwa na ɗiga kaɗan kaɗan. Irin wannan fili wajen litir 700 yake sha a shekara, a wurin da ciyawa ke shan 3000.

Aikin yana da nasa wuya. Yana cin kuɗi da farko. Tsakuwa zalla kuma tana ɗaukar zafin rana, ta maida gida kamar tanda. Shi ya sa hukumar ruwa ta Las Begas ba ta biyan kowa sai in tsirransa za su rufe rabin filin in sun girma. Wasu kuma sun cire ciyawa, suka manta itatuwansu a ruwanta suke sha. Bayan ɗan lokaci itatuwan suka bushe, inuwa ta tafi.

In kun koma gida yau, ku auna tsakar gidanku da taki, tsawo da faɗi. Babban taki ɗaya ku ɗauke shi metir 1. Gobe kowa ya zo da lissafin bido nawa gidansu zai buƙata a rana, da a ce ciyawar ado ce a ciki.