Sharaɗin Kiyaye Muhalli a Rancen Banki da Ɗorewar Sana'a: Misalin Sabon Tasha

Sabon Tasha unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, bisa hanyar Kachiya. Gaba da ita akwai matatar mai wadda aka buɗe cikin 1980, yamma kuwa Kakuri, inda masaƙu suka kahu tun 1957, har manyansu suka durƙushe tsakanin 2002 da 2007. Mutanen wannan yanki da yawa ƙananan sana'o'i ke riƙe da su, watau buga bulo, walda, niƙa, kiwon kaji, ruwan leda da sayar da gawayi. Kowace cikinsu tana bukatar jari, kowace kuma tana taɓa ƙasa, ko ruwa, ko iska.

Cikin 2012 Babban Bankin Nijeriya da Kwamitin Bankuna suka tsai da ƙa'idodi 9 na ba da rance. Ta farkonsu ita ce, kafin banki ya ba da kuɗi, lalle ya bincika irin ɓarnar da sana'ar za ta yi wa muhalli da jama'a. Ba tausayin itatuwa kaɗai ya kawo wannan ba. Gama masana'antar da ke zubar da dagwalo cikin rafi hukuma na iya rufe ta, wadda aka gina bakin kogi kuwa ambaliya na iya cinye ta, sa'an nan bashi ya bi ruwa.

Wannan sharaɗi fuska biyu gare shi ga mai sana'a. Ta fari ita ce nauyi. Babban kamfani yana da halin ɗaukar masana su rubuta masa rahoto, ya gina wurin tace ruwa, ya sami rance. Amma mai buga bulo, wanda yashinsa daga kogi yake zuwa, ba shi da takardar da zai nuna. Sai ya koma ga adashi, ko ga mai ba da bashi da ruwa mai tsanani. Jarinsa ya ƙanƙance, alhali kuwa kwasar yashi ba ta ragu ba.

Fuska ta biyu amfani ce. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur, farashinsa ya kusan ninka uku cikin 'yan kwanaki. Mai kiwon kaji ko mai sayar da ƙanƙara da ya dogara ga janareta ya ji jiki ƙwarai, wanda ya riga ya kafa farantan hasken rana kuwa abin ya zo masa da sauƙi.

To, a nan gizo ke saƙa. Faranti da batir ba su mai da kuɗinsu sai bayan shekaru, rancen da ƙaramin mai sana'a ke samu kuwa galibi na watanni ne. Ko Naira biliyan 10.69 da Gwamnatin Tarayya ta ranto cikin 2017 domin muhalli, ayyukan gwamnati aka nufa da ita, kamar dashen itatuwa da lantarkin jami'o'i.

Saboda haka ba tsananin sharaɗi ne ke raya sana'a ko ya kashe ta ba, sai dai wa'adin biya da nauyin ruwan da ke tafe da shi. In banki ya ce a gyara, wajibi ne ya ba da kuɗin gyaran da lokacin da zai isa, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.